Baƙin haure a fim da baƙin haure a gaban doka: inda suka haɗu da inda suka rabu

Tun ƙarshen watan Nuwamba 2023, da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu aka soke dokar 2015-36 wadda ta haramta jigilar baƙin haure, tambaya guda ke yawo a tashoshin mota da fadodin samarin Damagaram: hanya ta buɗe ke nan? Ba a gama warware wannan ba sai ga ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Can kuma Tarayyar Turai ta amince da sabon tsarin karɓar baƙi da masu neman mafaka a watan Mayu 2024, aka sa Yuni 2026 lokacin fara aiki da shi. Aljeriya kuwa ba ta fasa sauke mutane a bakin iyakar Assamaka ba.

Idan gardama ta yi zafi a kan wannan batu, da wuya wani ya kawo takardar doka. Fim ake kawowa. Wanda aka zuba wa fassararren fim a memori, ya ga baƙi tsare cikin keji, zai ce maka Turai gidan kaso ce. Wanda ya kalli na ƴan ƙwaya zai rantse duk mai Hilux a hanyar Dirku ɗan ta'adda ne. Mai jefa ƙuri'a a Italiya ko Amurka ma haka yake. Bai taɓa taka hamada ba, yawancin abin da ya sani game da mai ƙetare iyaka a allo ya gan shi, kuma ƙuri'arsa ce ke zama doka, dokar ta biyo hanya har ta iso tashar Agadas. Shi ya sa ya dace a ajiye fim ɗin gefe guda, dokar gefe guda, a duba kowanne.

Sunayen da ake cakuɗawa

Ɗan cirani shi ne wanda ya bar gida bayan girbi ya tafi neman kuɗi, da niyyar dawowa kafin ruwan shuka. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar Damagaram, daga masu zuwa Kano da Legas har masu zuwa Sabha da Tamanrasat, kuma babu laifi a cikinta. Baƙon haure kuwa magana ce ta takarda: wanda ya shiga wata ƙasa ko ya zauna cikinta ba da izinin da dokarta ta nema ba. Mutum yana iya kwana a Agadas halattaccen matafiyi, bayan kwana uku ya wuce Madama ya zama baƙon haure.

Ɗan gudun hijira, a yarjejeniyar Geneva ta 1951, shi ne wanda ya tsere don tsoron zalunci saboda ƙabilarsa, addininsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko wani rukunin jama'a da yake ciki. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta ƙara da wanda mamaya ko rugujewar zaman lafiya ta kora. Fari da talauci ba sa cikin ko ɗaya. Saboda haka mai fita daga Kance ko Magariya don rumbu ya ƙare, da wuya ya samu wannan matsayi ko ya nema.

Sai biyun da aka fi rikitawa. Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta raba jigilar baƙin haure da fataucin mutane. A jigila, matafiyi ne ya nemi direba, ya biya, aka ƙetarar da shi iyaka a ɓoye, kowa ya kama gabansa. Dokar iyaka aka karya. A fatauci, mutumin aka cuta: an yaudare shi, ko an tilasta masa, ko an sayar da shi don a ci guminsa a aikin bauta, karuwanci ko bara, kuma ba sai an ƙetare iyaka ba. Tafiya takan fara da na farko ta ƙare da na biyu, musamman a kudancin Libiya, amma hukuncinsu daban ne. Fim kan haɗa su a fuskar mugu ɗaya, kuma daga nan ruɗanin ke farawa.

Iri biyu na fim

Na farko shi ne fim ɗin mummunar gobe: a ɗauki wata cuta da ke cikin al'umma yau, a kai ta ƙarshen iyakarta, a nuna duniyar da za ta haifar. Children of Men na Alfonso Cuarón, wanda ya fito a 2006, ya nuna Birtaniya a shekarar 2027, bayan shekara 18 ba a haifi jariri ko ɗaya a duniya ba. Gwamnati na farautar baƙi, tana cusa su cikin keji a tashoshin jirgin ƙasa, ta mayar da garin Bexhill na bakin teku sansanin tsare su. Mace ɗaya tilo mai ciki a labarin baƙar fata ce ƴar gudun hijira. Ba a ɓoye yake ba cewa fim ɗin yana tare da baƙo, hukuma ce abin tsoro a cikinsa.

Amma wannan salo ba na ɓangare ɗaya ba ne. A 1973 marubucin Faransa Jean Raspail ya fitar da ƙagaggen labarin Le Camp des Saints, inda tarin jiragen ruwa cike da talakawan Indiya suka sauka a kudancin Faransa, ƙasar ta ruguje. Marine Le Pen, ƴar siyasar Faransa mai adawa da shigowar baƙi, ta taɓa ba da shawarar a karanta shi, Steve Bannon, tsohon mai ba Donald Trump shawara, ya sha ambatonsa. Gobe ce mummuna a duka biyun. A ɗaya katanga ce masifar, a ɗayan rashin katangar.

Na biyu shi ne fim ɗin manyan laifuka: ƙwaya, bindiga, fasa-ƙwauri, ɗan sanda da ɓarawo. Scarface na 1983 ya gina labarinsa a kan abin da ya faru da gaske a 1980, lokacin da ƴan Kuba kimanin 125,000 suka tashi daga tashar ruwan Mariel zuwa Florida. Gaskiya ne gwamnatin Castro ta cusa wasu fursunoni a cikinsu. Sai dai a yarjejeniyar 1984, waɗanda Amurka ta lissafa za ta mayar su 2,746 ne, wato kusan biyu cikin ɗari. Sauran sun shige cikin ma'aikata da masu shaguna na Miami, duniya kuwa dillalin hodar iblis guda ɗaya ta riƙe. Sicario na 2015 ya nuna iyakar Amurka da Meziko a matsayin filin yaƙi mai ramuka a ƙarƙashin ƙasa. Ramukan akwai su. Amma alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna mafi yawan ƙwayar fentanil da ake kamawa a ƙofofin shiga na hukuma ake kama ta, cikin motoci, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda kotu ta samu da laifin safararta ƴan Amurka ne.

District 9 na 2009 ya haɗa irin biyun, kuma ya fi shafarmu. An yi shi a Johannesburg, ya yi amfani da wasu halittu daga sararin samaniya da aka killace a unguwar kwano don ya soki wariyar launin fata da ƙyamar baƙi, shekara guda bayan tarzomar Mayu 2008 da aka kashe mutum 62 a Afirka ta Kudu. Duk da wannan niyya, ƴan daban fim ɗin ƴan Najeriya ne, masu sayar da makamai da cin naman halittun, shugabansu kuma an ba shi suna mai kama da na Obasanjo. Ministar watsa labarai ta Najeriya a lokacin, Dora Akunyili, ta sa gidajen sinima su daina nuna shi. Fim ɗin da ya tashi kare baƙo ya ɓuge da tozarta wani baƙon, domin irin wannan labari ba ya tafiya sai da mugu mai fuska da suna.

Nan ne gejin fim yake. Yana da awa biyu, yana bukatar jini da gudu. Ba shi da yadda zai yi da birkila da ya shekara uku a Sabha yana aiko da kuɗin hatsi duk wata, ya dawo ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Alhali irin wannan mutum shi ne mafi yawa: akasarin ƴan Afirka ta Yamma da ke barin ƙasarsu, a cikin yankin suke tsayawa.

Yadda hoto ke zama doka

Tun shekarun 1970 George Gerbner na jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa masu yawan kallon talabijin sun fi ɗaukar duniya wuri mai haɗari fiye da yadda alƙaluma suka nuna. Masana na gardama kan girman tasirin, da ko kallon ne ke kawo tsoro ko mai tsoro ne ke yawan kallo. Abin da ba a musu a kai shi ne ƴan siyasa sun san gani ya kori ji. Ana saura mako guda ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a Yuni 2016, Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu son ficewar, ya tsaya gaban wani ƙaton allo mai hoton dogon layin baƙi, hoton da aka ɗauka a 2015 a iyakar Kuroshiya da Sulobeniya, nesa da Birtaniya.

Hoto yana kuma tura hukuma ta wani ɓangaren. A Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Cikin makonni taron Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai a Abidjan ya amince a hanzarta kwaso mutane. A Maris 2022 wani rahoton talabijin a Senegal ya nuna mata da yara ƴan Nijar suna bara a titunan Dakar. Kafin wata ya ƙare gwamnati ta aika jirage, aka dawo da sama da mutum 1,000, yawancinsu ƴan Kance da Magariya. Barar ta daɗe ana yi, kowa a nan ya sani. Kyamara ce ta sa aka motsa, kuma dalilan da suka fitar da su suna nan yadda suke bayan jirgin ya sauka.

Abin da dokar 2015-36 ta yi

An kafa ta ranar 26 ga Mayu 2015 a zamanin Mahamadou Issoufou, wata guda bayan wani jirgin ruwa ya nutse a gaɓar Libiya da mutum kusan 800. A Nuwamba na shekarar aka yi taron Valletta, inda Turai ta buɗe asusun gaggawa na Afirka da Yuro biliyan 1.8. Dokar ta tanadar wa mai jigila ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, da ƙwace mota. An fara aiki da ita gadan-gadan daga tsakiyar 2016, lokacin Mohamed Bazoum na ministan cikin gida.

Kafin nan sana'a ce a fili. Matafiya kan shigo ta Maimujiya, su biyo Matamaye zuwa Zinder, su hau motar Agadas ta Tanut, tafiyar kusan kilomita 450. A Agadas ɗan kamasho ya tarbe su, mai masauki ya ajiye su, ranar Litinin motoci su bi ayarin da sojoji ke rakiya zuwa Dirku. Kowace Hilux na ɗaukar mutum ashirin da wani abu, na gefe ƙafafunsu na lilo a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗi, fuska naɗe da rawani, jarkar ruwa ɗaure a jikin mota. Mai sayar da jarka, mai tabarau, mai gasa burodi, ɗan kabu-kabu, bakanike, duk a nan suke ci.

Da doka ta fara cizo, alƙaluman OIM, hukumar ƙaura ta duniya, na masu wucewa arewa ta Sigidin da Arlit sun faɗo daga sama da 330,000 a 2016 zuwa kimanin 70,000 a 2017. Sai dai OIM tana ƙirga wanda ya bi ta inda ma'aikatanta suke ne, direbobi kuma sun daina bi ta nan. Ga abin da ke lalacewa idan aka bar babbar hanya. Mota takan tafi ita kaɗai, babu ta biyu da za ta ja ta ko ta koma neman taimako. Ana kauce wa rijiyoyin da aka sani domin a nan ake tsaron masu sintiri, sai ya zama ruwan jarka ne kawai, a zafin da lita biyar ba ta kai mutum kwana biyu. Direban da ya hango ƙurar jami'ai ya san shekara biyar na jiransa, sai ya sauke fasinja ya ce zai dawo. Kuɗin mota ya tashi, wanda nasa bai kai ba ya tafi bashi, bashin kuma shi ke kai mutum gidan da ake dukansa ana kiran iyayensa a waya. A farkon Yuni 2017 aka samu labarin mutum 44, har da jarirai, sun mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace.

Akwai kuma matsalar doka. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza. Ɗan Gini da ke cikin mota a arewacin Agadas, ɗaruruwan kilomita kafin iyakar Libiya, bai karya komai ba tukuna, amma a zamanin dokar ana kama direbansa a kan zaton niyya. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin baƙi, Felipe González Morales, ya soki wannan bayan ziyararsa a Oktoba 2018.

Matsayin kowane ɓangare

Turai da gwamnatin da ta gabata suna cewa hamada da teku na cin mutane tun kafin dokar, kuma suna da hujja mai nauyi wadda ta shafi jiharmu kai tsaye. A Oktoba 2013, babu wata dokar 2015-36, aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu daga yankin Kance, bayan motocinsu biyu sun lalace. A ganinsu sana'ar da ba ta da mai sa ido tana tafiya tare da safarar makamai da ƙwaya. Da aka soke dokar, kwamishiniyar cikin gida ta Tarayyar Turai a lokacin, Ylva Johansson, ta ce tana fargabar ƙarin mace-mace a hamada.

Zaɓaɓɓun Agadas da direbobi da ƙungiyoyin farar hula suna cewa dokar ta mayar da mai mota ɗan fashi a dare ɗaya, ta bar manyan da ke tsare mutane a Libiya. Dubbai sun yi rajistar tallafin canza sana'a da Turai ta yi alkawari, kaɗan daga cikinsu suka samu. Hukumomin CNSP sun ce an kafa dokar ne da matsin ƙasashen waje, ba ta duba maslahar Nijar ba, kuma sokewar ta shafe hukuncin da aka yanke wa mutane a ƙarƙashinta.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Dokar ta rage masu wucewa a fili, ta ƙara haɗari ga waɗanda suka ci gaba da wucewa, kuma babu mai cikakken lissafin waɗanda rairayi ya binne, kafin ta ko bayanta. Inda ta fi rauni shi ne ta ɗauki siffar fim ɗin laifi: a kama mugun direba, labari ya ƙare. Ƙarancin gona a Kance, inda jama'a ta yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, da damina mai gardama, babu wanda kama direba ya gyara.

Batun ko baƙi sun fi aikata laifi ma haka yake, amsar ta danganta da wuri. A Amurka bincike mai yawa, har da wanda ya bi alƙaluma tun 1870, ya nuna ba a ɗaure baƙi fiye da haifaffun ƙasa, a shekarun baya-bayan nan ma sun fi ƙaranci sosai. A Jamus alƙaluman ƴan sanda na nuna baƙi sun fi kasonsu yawa cikin waɗanda ake tuhuma. Masu son a tsaurara suna kafa hujja da wannan. Masu bincike suna nuna cewa yawancin sababbin zuwa samari ne marasa aiki, rukunin da ya fi shiga laifi a ko'ina, kuma akwai laifukan takarda da baƙo kaɗai ke iya yi. Wani bincike a Italiya ya gano cewa samun takardar zama na rage yiwuwar mutum ya aikata laifi.

Inda fim ya faɗi gaskiya, da inda ya tsaya

Kejin Children of Men yana da ɗan'uwa a zahiri. Aljeriya na koro mutane iri biyu. Ƴan Nijar, bisa fahimtar da ƙasashen biyu suka yi a 2014, ana kawo su cikin manyan motoci har Assamaka. Ƴan sauran ƙasashe ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, sau da yawa da dare, su taka kilomita 15 cikin rairayi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. A Libiya, wadda ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, dokar 2010 ta sa shiga ba izini laifin ɗauri ne, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da azabtarwa da fyaɗe da aikin tilas a wuraren tsare baƙi.

Fim ɗin Io Capitano na Matteo Garrone, wanda ya ci kyautar ba da umarni a bikin finafinai na Venice na 2023, ya bi samari biyu daga Dakar ta Agadas da Libiya zuwa Italiya. An ɗauki hamadarsa a Maroko, amma cin hanci a shingaye da gidajen azaba sun yi daidai da shaidar waɗanda suka dawo. Ya ƙare yaron yana riƙe da sitiyarin jirgin ruwa, gaɓar Sisili a gabansa, yana ihun shi ne kyaftin. Abin da ke biyo baya a zahiri shi ne ƴan sandan Italiya kan tambayi fasinjoji wa ya tuƙa, su kama shi a matsayin mai jigila, ko da an ba shi sitiyarin ne a madadin kuɗin da ba shi da shi. Bayan haɗarin jirgin ruwan baƙi a Cutro, kudancin Italiya, a Fabrairu 2023 da ya ci mutum 94, gwamnatin Giorgia Meloni ta kai hukuncin har shekara 30 idan an rasa rai.

Mu ma an ɗauke mu. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, ƴar garin nan, wanda ya fito a 2021, ya shiga Kara-Kara, ya zauna da ƴan pale masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya. Ba ƙagaggen labari ba ne, kuma bambancinsa da finafinan laifi na waje shi ne ya tsaya ya nuna tushen abin: unguwar da aka ware wa kutare tun da, yara marasa takardar haihuwa da makaranta, samari marasa aiki. Duk da haka wanda ya kalle shi a Turai bai ga Birni ko Zango ko kasuwar Dole ba, zai iya ɗauka Damagaram duka ke nan.

Abin da ya canza ga mutumin Damagaram

Ga direba, ɗaukar fasinja baƙo zuwa arewa a cikin Nijar ya daina zama laifin 2015-36. Wannan kariya tana ƙarewa a iyaka; Aljeriya da Libiya suna hukunta shi da dokokinsu. Sannan a Janairu 2025 Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi wadda ta tsaurara batun takardu, don haka mai mota da mai masauki su tabbatar da takardar wanda suka ɗauka.

Ga mai zuwa Najeriya ko Gana, CEDEAO ta sanar a ranar ficewar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, da barin ƴan ƙasashe ukun da suka fice, Nijar da Mali da Burkina Faso, su yi zirga-zirga ba biza, har sai an sake sanarwa. Rangwame ne da za a iya janyewa. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya fara da ita, domin da ita ake samun katin ɗan ƙasa, da katin ake samun fasfo, kuma mara takarda shi ne ke biya a kowane shinge. Katin rigakafin shawara ma ana tambayarsa.

Ga mai hangen Turai, sabon tsarin ya tanadi tantancewa cikin kwana 7 a bakin iyaka, da ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska tun daga ɗan shekara 6, a ajiye su a rumbun da duk ƙasashen ke gani. Wanda ya fito daga ƙasar da ake amincewa da ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na masu neman mafakarta, a iyaka za a duba buƙatarsa cikin mako 12, ba tare da an ɗauke shi wanda ya shiga ƙasar ba. Ƙasar Turai da ta ƙi karɓar rabonta na masu neman mafaka na iya biyan Yuro 20,000 kan kowane mutum, sama da sefa miliyan 13. Hanyar halal ma da tsada: kuɗin bizar Schengen ta shiga Turai Yuro 90 ne tun Yuni 2024, kusan jika 59, kuma ba a mayarwa idan an hana.

Mafi nauyi shi ne batun yara. Sokewar 2023 ba ta taɓa dokar 2010-86 ta yaƙi da fataucin mutane ba, tana nan da ƙarfinta, kuma a Zinder aka buɗe cibiyar gwamnati ta farko ta karɓar waɗanda aka yi fataucinsu a 2019. A ƙa'idar Palermo, idan wanda aka ɗauka bai kai shekara 18 ba, ba a bukatar a nuna an yaudare shi ko an tilasta masa; ɗaukarsa don a ci guminsa ya isa. Matar da ta karɓi ɗiyar maƙwabciya a Kance ta tafi da ita bara Tamanrasat, da alkawarin za ta riƙa aiko wa uwar wani abu, ta shiga ƙarƙashin wannan doka ko da uwar ce ta miƙa yarinyar da hannunta, kuma ana iya tuhumar wanda ya haɗa su da wanda ya ɗauke su a mota yana sane.